Tayar da Baba Ya Ƙi

A shekarar babban fari, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, akwai wata yarinya a unguwar Gamkalle, cikin birnin Yamai. Sunanta Dabora. Shekarunta goma, tana aji huɗu.

Dabora ba ta da ƙiwuya, ba ta da tsiwa. Abu ɗaya ne ya gagare ta a duniya: jira. Ko tuwo aka sauke, sai ta ƙone yatsa kafin ya huce.

A wannan shekara kuwa, jira ya yi mata yawa.

Mahaifiyarta, Esta, ma'aikaciyar jinya ce. Da yunwa ta tsananta, aka tura ta Dogon Dutsi, inda aka buɗe gidan ciyar da yaran da suka rame. An ce wata biyu za ta yi. Wata biyu ya zama uku, uku ya zama biyar.

Dabora ta zauna wurin ƙanwar babanta, Gwaggo Rut. Gwaggo tana kula da ita ƙwarai. Tana mata wanki, tana mata kitso, tana ba ta ƙanzo. Amma Gwaggo ba Mama ba ce. Gwaggo tana jan gashi idan tana kitso, kuma ba ta yin waƙa idan tana shara.

Kullum da yamma Dabora takan zauna a bakin kogi. Kogin ya janye, har yara suna wasa a tsakiyar yashi. Masu lambu suna tafiya mai nisa kafin su cika bokiti. Ita dai ba ta ganin kowa. Mamarta take tunani.

Ko a makaranta haka take. Wata rana malamarsu, Madam Ramatu, ta kira ta sau biyu ba ta ji ba.

"Dabora! Ina hankalinki?"

"Shina Dutsi, Madam."

Aji ya fashe da dariya. Madam Ramatu ba ta yi dariya ba. Ta dafa kanta ta ce, "To, ki ce mai shi komo, muna lissahi."

Babanta, Ishaku, direban tirela ne. Hatsin taimako yake ɗauka zuwa garuruwan da yunwa ta kama. Yau yana Tawa, gobe yana Agadas. Bai taɓa samun lodin Dutsi ba sai a makon da aka ba da hutun Ista.

Ya shigo gida yana murmushi.

"Ɗiyata, ran asabar in Allah ya yarda muna tahiya Dutsi. Na roƙi izini, an yarda ki shiga gaba."

Dabora ta yi tsalle har ta ture butar Gwaggo.

"Kwana nawa za mu yi, Baba?"

"Kwana ukku. Amma tsaya tukuna. Taya guda ta rage ma tirela. In ba a samu ba kahin asabar, wata mota za a ba lodin."

"In anka ba wata fa?"

"Sai wani jiƙon. Lokacin kuma an koma lakwal, hutun makaranta ya ƙare."

Murnar Dabora ta ragu da rabi.

Ran alhamis ta bi babanta garejin da tirelar take. Garejin na Baba Mumuni ne, wani Bazabarme mai ɗaura taya, tsohon abokin Ishaku. Ranar ba ya nan, ya tafi suna a Gudel.

Mai motar ya aiko da taya. Tana jingine da bango kusa da ƙofa, baƙa wuluk, da ɗigon jan fenti a gefenta. Dabora na ganinta ta tafa hannu.

"Baba, ga ta nan! Sabuwa ce ma!"

"Bari mu gani," in ji Ishaku.

Ishaku mutum ne mai sanyin hali, amma a kan taya ba shi da wasa. Ya durƙusa ya karanta lambobin da ke jikinta. Ya je ya karanta na tayar da za a haɗa su. Tayoyin tirela biyu-biyu suke, manne da juna, ɗaya ciki ɗaya waje.

"Mi kake dubi, Baba?"

"Girmansu. Tagwayen taya dole su zam ɗaya, iri ɗaya, tsawo ɗaya. In guda ta ɗara guda, babbar ke ɗaukar kaya ita kaɗai, ta yi zahi. Wagga lamba kuma ita ke hwaɗin nauyin da taya ke iya ɗauka."

"To, sun yi daidai?"

"Sun yi daidai."

Dabora ta yi ajiyar zuciya. Amma Baba bai gama ba. Ya auna zurfin zanen tayar da tsinken ashana. Ya duba ko rana ta tsattsage ta. Sa'an nan ya zura hannu cikinta, yana shafawa a hankali, yana juya ta.

Can sai hannunsa ya tsaya. Ya koma baya, ya sake shafawa.

"Kawo hannunki."

Ya ɗora yatsunta a wani wuri, daga ciki, wajen gefe. Wurin ya yi laushi, kamar mangwaron da ya faɗo ƙasa.

"Kin ji? Zaruruwan ciki sun tsinke. Ta taɓa dukan dutsi."

"A yi mata faci mana."

"Gehen taya ba a mai faci. Doka ta hana, hankali ma ya hana."

"To, a ɗaura ta ko-ta-kwana, wadda ke rataye ƙarƙashi."

"In munka ɗaura ta, da mi za mu tahi? Jandarma ba su barin tirela ta hita gari ba tayar ko-ta-kwana."

"Baba, sau guda ɗai! Dutsi ba nisa!"

Ishaku ya miƙe. Ya zaro guntun alli daga aljihu. Ya ja layi biyu a gicciye a jikin tayar, manya, farare fat.

Wannan ita ce al'adarsu shi da Baba Mumuni, shekara da shekaru. Duk tayar da Ishaku ya duba ya ƙi, sai ya yi mata wannan alama. Masu yin takalman roba su zo su kwashe. Wadda ba ta da alama kuwa, Mumuni ya san ta ci jarrabawa, sai ya ɗaura.

"Zan biya in gaya ma mai mota shi nemo wata," in ji Ishaku. "Ke wuce gida."

Ya tafi. Dabora ba ta wuce gida ba.

Ta tsaya tana kallon layukan nan biyu. Su ne suka tsaya tsakaninta da Mama. Ba dutse ba, ba kogi ba, alli kawai. Hawaye suka cika mata ido.

Ta duba hagu, ta duba dama. Ba kowa a garejin sai wata akuya tana cin kwali.

A jakarta akwai tsumman da take goge allonta na makaranta. Ta ciro shi. Ta tsoma a bahon ruwan da ke gindin bango. Ta goge layi na farko. Ta goge na biyu. Ta sake gogewa har tayar ta yi ƙyalli.

"Ai zanenta mai kyau ne," ta ce a ranta. "Baba ya cika tsanani. Laushin ma ɗan kaɗan ne."

Ta ruga gida.

Ran juma'a Ishaku ya wuni a ofis yana jiran takardun lodi. A lokacin ba a wasa da hatsin taimako. Kowane buhu sai an sa hannu, kowace mota sai an haɗa ta da soja. Sai bayan la'asar ya iso gareji, tare da sojan da zai raka su, Kaporal Isaka.

Baba Mumuni ya tare shi da hannu duk baƙin mai.

"Fofo, sannu Ishaku! Taya ta zo, na ɗaura ta ciki. Na buga iska, komi ya yi."

Ishaku ya ɗauka mai mota ne ya aiko da wata. Ya sunkuya zai leƙa, sai Kaporal ya buga ƙafa.

"Direba, sito za a ruhe! Mu tahi a yi lodi!"

Ishaku ya miƙe, ya hau mota.

Da ya dawo gida ya ce, "Dabora, haɗa kayanki. Allah ya yi, an samu taya."

Gwaggo Rut ta yi guɗa. Dabora ta yi ƙoƙarin murmushi, murmushin ya ƙi zama. An zuba tuwo, ta yi loma biyu ta ture kwano.

"Murna ce ta cika mata ciki," in ji Gwaggo. Ta ɗaure wa Esta albasa da busasshen zogale da sabulu guda biyu.

Dabora ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ta tuna fuskar Mama. Ta rufe bakin.

Da sassafe ran asabar suka kama hanya. Tirela cike da buhunan jar dawa, an rufe da tamfol. Dabora tana tsakiya, Baba a sitiyari, Kaporal a bakin taga da bindigarsa tsakanin gwiwoyi.

A bakin gari jandarma suka tsayar da su. Suka duba takardu, suka zagaya motar, suka ga tayar ko-ta-kwana. Suka ɗaga sanda. Tayar ciki ba ta ganuwa sosai, ba wanda ya lura da ita.

Dabora ta daɗe tana mafarkin wannan hanya. Yanzu ga ta a kai, amma ba ta jin daɗin komai. Gonaki sun bushe ƙurmus. Mutane suna tafiya a gefen kwalta da jakuna da ƙullin kaya, duk sun nufi Yamai. Ita kuwa kunnenta yana baya, wajen taya.

A Kure Baba ya tsaya. Ya ƙara ɗaure kusoshin tayoyi, domin sabon ɗauri yakan saki. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana bugawa da guntun ƙarfe yana saurare. Safiya ce, kwalta ba ta yi zafi ba, tayar ba ta nuna komai ba.

"Lahiya lau," in ji shi.

Dabora ta ji sanyi a ranta. "Ashe Baba ya yi kuskure," ta ce a zuci. Har ta karɓi dabinon da Kaporal ya miƙa mata.

Rana ta ɗaga. Kwalta ta yi zafi har tana ƙyalli. Sun kusa Birnin Gaure, hanya ta fara gangara.

Sai suka ji ƙara. Dam!

Kaporal ya cafki bindiga. Kafin ya ɗaga ta, sai wata ƙarar. Dam!

Motar ta girgiza. Tirela ta ja hagu, ta ja dama. Dabora ta ƙwalla ihu.

"Riƙe da kyau!" in ji Baba.

Bai taka birki da ƙarfi ba. Ya damƙe sitiyari da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya bar motar tana rage gudu kaɗan-kaɗan. Tirelar ta karkace, igiya ta tsinke, buhuna suka zubo. Da ƙyar ta tsaya a bakin wani rami. Saura taku ɗaya ta kife.

Ba abin da ake ji sai numfashinsu.

Baba ya juyo ya shafa kan Dabora, ya duba hannayenta.

"Ba ki ji ciwo ba?"

Ta girgiza kai.

Suka sauka. Warin ƙonanniyar roba ya cika wurin. Tayar ciki ta yi kaca-kaca. Da ta fashe, ta yaga ta wajen ma. Tayoyi biyu sun tafi, ta ko-ta-kwana kuwa ɗaya ce.

Buhu huɗu sun fashe a kan hanya. Jar dawa ta watse cikin yashi. Nan da nan mutane suka fito daga wasu bukkoki da ke kusa. Kaporal ya daka tsawa, suka tsaya cak. Wata tsohuwa ce kawai ta durƙusa, tana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana sawa a gefen zaninta.

Kaporal ya kalle ta. Ya kau da kai.

"Wadda ta zube ƙasa ku tsince," in ji shi. "Kar wanda ya taɓa buhu."

Baba yana durƙushe gaban tayar. Ya jawo wani yanki na robar ya juya shi. Ga ɗigon jan fenti.

Fuskarsa ta canza.

"Wagga ita ce tayar da na ƙi. Da hannuna na yi mata alama. Mumuni! Shekara goma sha biyar muna aiki, ka ɗaura min taya mai alama?"

Kaporal ya ciro ɗan littafi da biro.

"Bon, to. Ba ni cikakken sunanshi da unguwa. Wanda ya yi wasa da hatsin gwamnati, gidan kaso za shi kwana."

Dabora ta dubi littafin. Baba Mumuni ne ke saya mata ƙosai. Baba Mumuni ne ya yi mata lilo da tsohuwar taya. Ta ga biro ya fara tafiya a kan takarda.

"Ba shi ba ne!"

Suka juyo.

"Ba Baba Mumuni ba ne. Bai ga alama ba. Ni na goge ta."

"Mi kinka ce?" in ji Baba.

"Ni na goge ta da tsumman allona. Ina son in ga Mama." Kuka ya ƙwace mata. "Ina son in ga Mama, Baba!"

Ishaku bai daka mata tsawa ba. Bai ɗaga hannu ba. Ya je ya zauna a kan wani buhu, ya riƙe kansa. Da ma ya doke ta, da ya fi mata sauƙi.

Kaporal ya rufe littafinsa a hankali.

"Yarinya, kin san su wa ke jiran dawan ga?"

Ta gyaɗa kai.

"Yara ne kamarki. Wasu ba su kai ki ba."

Ya tafi ya tsaya a bakin hanya.

An daɗe kafin Baba ya ɗago.

"Zo nan."

Ta zo tana jan ƙafa.

"Kina tsammani ni ba ni kewar uwarki? Wata biyar ban gan ta ba, ni ma. Sadda na ja layukan nan, hannuna bai so ba. Amma na ja, don in kai ki gare ta da rai."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Kin yi babban laihi. Amma kin hwaɗi gaskiya kahin a cuci bawan Allah, wannan na gani. Ni ma ina da nawa. Anka ce min taya ta zo, ban duba da idona ba, don ana gaggawa. Direba ba shi da wannan uzuri."

Ya tsayar da wata mota mai zuwa Yamai, ya ba da saƙo a kai gareji. Daga nan ba abin yi sai jira.

Suka tattara buhunan da ba su fashe ba. Suka zauna a inuwar tirela. Motoci suna wucewa ta wajen Dosso, Dabora tana bin kowace da ido har ta ɓace. Kowace tana kusantar Mama, ita tana zaune. Tsohuwar nan ta kawo musu tabarma da ruwa a ƙwarya. A nan suka kwana.

Gari ya waye lahadi. Tun da aka yi maganar tafiya, Dabora take ƙissima wannan safiya. Ta ga kanta a majami'a, a jikin Mama, suna riƙe da littafin waƙa ɗaya. Ga shi yanzu tana zaune a yashi, tana korar ƙuda. Baba ya yi musu gajeriyar addu'a. Ita dai hawaye kawai take yi.

Wajen tsakar rana wata ƙaramar mota ta tsaya. Baba Mumuni ya sauko, tayoyi biyu a bayan motar. Ya dubi ramin, ya dubi tirelar, ya kama baki.

Dabora ta je gabansa ta durƙusa.

"Baba Mumuni, ni na goge alama. Saura kaɗan a kama ka saboda ni. Ka gahwarta min."

Ya dube ta.

"Dabora, alama nan ba zane ba ne. Magana ce, tsakanin ni da baba naki. Kin goge, kin sa ni na yi ƙarya ban sani ba." Ya kama hannunta ya ɗaga ta. "Tashi. Kala suru, sai haƙuri, ya wuce. Amma yau ke za ki yi aiki."

Haka kuwa aka yi. Ita ta karanta lambobin taya ta farko da ƙarfi, ta karanta na ta biyu. Suka yi daidai da juna, nauyinsu ya kai na kayan. Ta auna zane da tsinken ashana. Ta zura hannu ciki ta shafa ko'ina, ba laushi. Baba ya sake shafawa bayanta. Baba Mumuni ma ya shafa.

"Daga yau, ko ba alama, sai na sa hannu nawa," in ji shi.

Suka ɗaga tirelar da kirik, wato jak. Suka ɗaura tayoyin. Baba Mumuni yana ɗaure kusoshi, in ya ɗaure na sama sai ya koma na ƙasa, in ya ɗaure na hagu sai na dama, don tayar ta zauna daidai. Suka auna iska tun tayoyin suna da sanyi.

Aikin ya ci lokaci. Dabora ta ji kamar ta ce a yi sauri. Ta cije leɓe, ta ci gaba da miƙa musu ƙarafa.

Kafin su tashi Baba ya ce, "Ki sani, wuni ukkun nan sun zama guda. Ran talata da sahe dole mota ta koma."

Dabora ta sunkuyar da kai. Ita ta ci wuni biyun da hannunta, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

Suka wuce Dosso. Baba ya tsaya ya ƙara ɗaure kusoshi, ya taɓa tayoyi. Dabora ta sauka ta tsaya kusa da shi har ya gama.

Rana ta kusa faɗuwa suka hango dogon dutsen da garin ya ci sunansa. Zuciyar Dabora ta fara tsalle. A bakin gari, wata mace tana tsaye ita kaɗai a gefen kwalta, da farar riga, ta sa hannu a goshi tana hangen hanya.

"Mama! Baba, tsaya! Mama ce!"

Motar ba ta gama tsayawa ba Kaporal ya buɗe ƙofa ya sauke ta. Ta ruga. Ta faɗa jikin Mama, ta cusa fuska a rigarta. Mama ta rame. Rigarta tana warin magani da hayaƙi. Dabora ba ta taɓa jin ƙamshin da ya kai wannan daɗi ba.

"Ɗiyata, ɗiyata," Mama take ta faɗi. "Kin yi tsawo!"

Suka shiga gidan ciyarwar tare da motar. Mata suka yi ta guɗa. Tun ba a gama sauke buhuna ba aka hura wuta, aka fara daka. Yara suna zaune a tabarmi da ƙananan kwanoni. Ba sa wasa, ba sa surutu. Ido kawai suke bin tukunya da shi.

"Tun jiya rabin ludayi muke ba su," in ji Mama. "Mun zaci da azahar za ku iso. Mi ya tsai da ku?"

Baba ya dubi Dabora. Ya bar mata maganar.

Dabora ta faɗi komai. Ta faɗi alli, ta faɗi tsumma, ta faɗi ramin. Ba ta rage ko ɗaya ba.

Mama ta zauna a kan turmi. Ta jawo ta, ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Tun jiya nike hita bakin hanyar can. In na ba yara magani in koma, in na auna su in koma. Duk motar da ta taho sai gabana shi hwaɗi. Dabora, saurara da kyau. Gara in tsaya can shekara guda ina jiranki, da a kawo min ke a ɗauke. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

"Dokar da ubanki ke bi, ba don ta raba mu anka yi ta ba. Don ta kawo min ke ce."

Dabora ta rungume ta, suka yi kuka tare, sa'an nan suka yi dariya.

Da kunu ya dahu, Mama ta miƙa mata ludayi.

"Zo ki ba su haƙuri da hannunki."

Dabora ta bi layi tana zubawa, ludayi cike, kowane kwano. Wata ƙaramar yarinya ta kai baki da sauri. Dabora ta riƙe mata kwanon, tana hura mata har ya huce.

Wuni ɗaya cikakke ta yi da Mama, kuma ba ta bar gefenta ba ko na minti ɗaya. Ran talata ta hau mota ba gardama, tana ɗaga hannu har farar rigar ta ɓace.

Tun daga ranar Dabora ta gane abu ɗaya, ba ta kuma manta ba. Idan babba ya ce abu yana da haɗari, ba a ɓoye gargaɗinsa don biyan bukatar kai. Dokar kiyaye lafiya tana sa mutum jira, amma ita ce ke kai shi wurin waɗanda yake ƙauna da ransa da lafiyarsa.